Titi ya haura dokin ƙofarmu: haka aikin yake, ko mu ne ba mu da gata?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana aikin hanya da ke zauren nan, da ma duk wanda irin wannan ta taɓa faɗa masa. Ana sake shimfiɗa kwalta a babban titin da ya ratsa unguwarmu. Mun yi murna ƙwarai, don ramukan da ke wurin sai wanda ya gani. To amma da suka zuba shimfiɗar farko a hannunmu, sai ga titi ya fi dokin ƙofar gidanmu tudu da fiye da taki guda, kuma an ce akwai wata shimfiɗar da za a ƙara a kai. Lambatun da ke gabanmu tsoho ne, rabinsa ya cike da ƙasar da gireda ta turo, ba kuma wanda ya ce mana za a taɓa shi. Lokacin da mahaifinmu ya gina gidan nan, sai ka taka matakala biyu kafin ka shiga soro. Yau gangarawa ake yi. Shin dole ne duk gyaran da aka yi wa titi sai ya ƙara tudu? Sannan wa ya kamata mu kai wa kuka tun ruwa bai sauka ba?

Sadauki_Gwale:
Wa alaikumus salam. Wane titi ne tukuna?

Baban_Walida:
Ka yi haƙuri Malam Sadauki, da gangan na ƙi kama suna. Na san halin zauren nan. Ina faɗa za a rabu gida biyu, masu jar hula da waɗanda ba sa sakawa, maganar lambatu kuma ta bi ruwa.

Ɗan_Sahu_Hotoro:
Ku dai kuna maganar damina, mu yau muke ji a jika. An rufe hannu ɗaya, an haɗe masu tafiya da masu dawowa a hannu guda, tirela da tifa da kurkura da mu duk wuri ɗaya. Tafiyar da nake yi cikin minti goma yanzu sai ta ci rabin awa, inji yana kunne mai yana ƙonewa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san lita ba abin wasa ba ce. In na ƙara wa fasinja naira ɗari sai ya ce ba ni da tsoron Allah, mai mashin kuma da daddare balas ɗinsa yake so cif, ba ruwansa da gosulo.

Maman_Ilham:
@Ɗan_Sahu_Hotoro ƙanena, naira ɗari kuke ƙarawa? Wallahi ninkawa wasunku suke yi. Kuma ko an gama aikin ba za ku rage ba, mun san ku.

Ɗan_Sahu_Hotoro:
Anti ai in mai ya sauka za mu sauko. Ki yi mana addu'a kawai.

Injiniya_AB:
Malam Baban Walida, amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, ba dole ba ne. Gyaran titi iri-iri ne. Mafi sauƙi da arha shi ne a share saman tsohuwar kwalta, a cike ramuka, a fesa ruwan kwalta mai danƙo, a ɗora sabuwa a kai. Shimfiɗa biyu aka saba yi a manyan hanyoyinmu: ta ƙasa mai manyan tsakuwa wajen santimita 6, ta sama mai laushi wajen santimita 4. Ka ga santimita 10 ke nan a gyara ɗaya. In kuma gindin titin ya lalace har aka ƙara jar ƙasa da fasasshen dutse kafin kwalta, to tudun yana iya kai santimita 30 ko fiye. A maimaita haka sau biyu ko uku cikin shekara arba'in, ga gidanka a rami ba tare da ya motsa ba.

Hanya ta biyu, akwai injin da ke kankare tsohuwar kwaltar yana zubawa a tifa, sai a mayar da sabuwa daidai kaurin da aka cire. A cikin gari, inda akwai gidaje da shaguna da kwalbati, wannan ce ta fi dacewa, sai dai ta fi cin kuɗi da lokaci. Akwai ta uku, wadda ake niƙe tsohuwar kwaltar a wurin, a gauraya ta da ɗan siminti da kwalta, ta zama gindin sabon titi. Irinta Julius Berger suka yi amfani da ita a hanyar Abuja zuwa Kano.

Amma a yi wa masu aiki adalci. Wani lokaci da gangan ake ɗaga titi, domin babu abin da ke kashe kwalta kamar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta. Kuma ana yin titi da ɗan doro, gangaren wajen kashi 2.5 cikin 100, don ruwa ya zurare gefe. Wato duk ruwan da ya sauka a wannan faɗin, gefenku zai nufa. Shi ya sa a ƙa'ida magudana ake fara yi kafin kwalta. Abin da za ku fara bincika shi ne ko lambatu yana cikin kwangilar. Akwai takardar da ake lissafa kowane aiki da kuɗinsa a ciki, mu muna ce mata BEME. In babu lambatu a cikinta, ko kun kwana kuna roƙon ɗan kwangila ba zai zuba buhun siminti ɗaya ba, don ba wanda zai biya shi.

Baban_Walida:
Allah ya ƙara ilimi Injiniya. Mu dai ba mu ga injin kankara ba. Gireda muka gani, da rola, da motar da ke fesa baƙin ruwan nan.

Hajiya_Mai_Abinci:
Ni tawa damuwar daban ce. Shagona a bakin titi yake, direbobi ne rabin cinikina. Ranar da suka fara aiki suka tara tulin jar ƙasa a daidai inda motoci ke tsayawa, ba sallama ba sanarwa. Yanzu mai son cin shinkafa da wake sai ya ajiye mota can nesa ya tsallako rami a kan katako. Wa zai yi? Tukunyar da ke ƙarewa kafin azahar yanzu har la'asar da saura. Ga ƙura. Na sa labule na sa leda, duk da haka in ka shafa saman teburi sai yatsanka ya yi ja. Tankar ruwan da aka ce za ta riƙa yayyafi, sai ranar da manya za su zo duba aiki muke ganinta. 'Yan mata biyu da ke taya ni na sallami ɗaya, marainiya ce kuwa, abin yana raina.

Abu_Safwan:
Hajiya haƙuri za a yi. Ana son ci gaba kuma ba a son wahala? In an gama ke ce za ki fi kowa cin riba.

Hajiya_Mai_Abinci:
@Abu_Safwan ɗana, in an gama ɗin nan fa? Mai shago ya ce kuɗin haya zai ƙara tunda titi ya yi kyau. Ni na sha ƙurar, shi zai ci ribar.

Nura_Bakanike:
Mu kam a garejinmu ba mu san ko mu yi murna ko mu yi kuka ba. Ramukan nan su ne ke kawo mana masu canjin shokozoba da sifirin. Mai facin da ke kusa da mu har ya fara neman wani wurin.

Maman_Ilham:
Kai Nura ka ji tsoron Allah!

Nura_Bakanike:
Wasa nake Anti. Amma da gaske, masu ababen hawa ku riƙa duba matatar iska a wannan lokaci. Na buɗe ta wani ɗan sahu jiya, ƙasa ce zalla a ciki. In ta toshe inji ba ya numfashi, mai yake ƙara sha, in kuma ta yage ƙurar ta shiga ciki sai aikin ringi.

Barista_Na_Fagge:
Bari in taɓa tambaya ta biyu, wato wa za a kai wa kuka. Sai an fara sanin mai titin, don a Kano titunan ba na mutum ɗaya ba ne. Manyan hanyoyin da ke fita gari, ta Zariya, ta Katsina, ta Wudil zuwa Maiduguri, na Gwamnatin Tarayya ne. In babban aiki ne, ofishin Kwanturolan Ayyuka na Tarayya da ke Kano za a nufa. In faci da ƙananan gyara ne, aikin FERMA ne, hukumar gyaran hanyoyin tarayya. In titin jiha ne, Ma'aikatar Ayyuka ta jiha ko KARMA, hukumar gyaran titunan jihar. Allon da ake kafawa a farkon aiki yana ɗauke da sunan wanda ya ba da kwangila da wanda ya karɓa, ku je ku ɗauki hotonsa.

Kada ku je da baki. Ku rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, magidanta su sa hannu, ku haɗa da hotunan ƙofofin da titi ya haura. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Ranar da ruwa ya shiga ɗaki, Allah ya kiyaye, wannan takardar ce shaidar cewa kun faɗa tun da wuri.

Hajiya kuma, gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana maganar diyya ne in an karɓi wurin mutum don amfanin jama'a, kuma abin da aka gina ko aka shuka a kai ake biya. Raguwar ciniki saboda an tare ƙofar shago ba ta cikin wannan lissafin. Sannan a hanyar tarayya hurumin titi mita 45.72 ne daga tsakiya ta kowane hannu. Rumfa ko kwantenar da ke cikin wannan tazarar, in aka zo ɗagawa, da wuya mai ita ya ga ko sisi.

Dattijo_Kurna:
Barista, ranka ya daɗe, in da za a auna mita 45 ɗin nan da gaske daga Kurna zuwa Mil Tara, mutum nawa ne za su kwana a gidajensu? Wasu gidajen ma sun girmi dokar.

Barista_Na_Fagge:
Haka ne Baba. Wanda ya riga faɗaɗa titi zama, kuma yana da shaida, maganarsa daban ce. Ina magana ne a kan masu kafa teburi da kwantena bayan an yi titi.

Direban_Zariya:
Ni dai duk wanda zai zagi aikin hanya ba da ni ba. Hayis nake ja tsakanin Kano da Kaduna. Wanda bai bi hanyar nan ba kafin gyara bai san abin da ake cewa rami ba. Daga Kwanar Dawaki zuwa Kura, ka wuce Kwanar Gafan da Ciromawa har Kwanar Ɗangora, hannunka ba ya hutawa a kan sitiyari, kana kauce wa wannan kana faɗa wa wancan. An ba da kwangilar a ƙarshen 2017, aka fara aiki 2018, kilomita 375 daga Abuja. Shekarun da aka yi ana haɗe mu a hannu ɗaya mun ga tashin hankali, na ga motoci sun yi taho-mu-gama a gabana, har yau ba na son tunawa. Amma tun da aka buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano a 2023, Zariya ta dawo kusa. Awa ɗaya da rabi na shiga, taya tana kai ni inda a da ba ta kaiwa. Masu tumatir na Kwanar Gafan ku tambaye su bambanci.

Ummu_Hanan_RN:
Malam Direba, Allah ya tsare hanya, amma ku rage gudu don Allah. Ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a cikin gari. Lokacin da titi ke da ramuka, yawanci gurjewa da targaɗe ake kawo mana. In aka gyara titi ya yi sumul, sai a fara kawo karaya biyu-uku a jikin mutum ɗaya, da bugun kai. Yara da tsofaffi masu tsallaka titi su ne abin tausayi, don sun saba mota tana zuwa a hankali, idonsu bai saba auna sabon gudun ba. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari. Wa ke bi? Baban Walida, in za ku rubuta takarda ku saka maganar wurin tsallakawa a gaban makaranta da masallaci, kada ku tsaya a lambatu kaɗai.

Abu_Safwan:
An yi gadojin tsallakawa a wurare da yawa, mutane suna bi ta ƙasa. Sai a ce laifin gwamnati?

Ummu_Hanan_RN:
Tsohuwa mai ciwon gwiwa da mai turin baro ba za su hau matakala ba, Malam. Amma na yarda akwai matasan da ƙiwa ce kawai.

Kabiru_Cikin_Lungu:
Kowa yana maganar mutanen bakin titi, an manta da mu na ciki. Tun da aka rufe hannu ɗaya, duk mai gudun gosulo ta layinmu yake yankewa. Layin da ko kwalta babu, yara suna wasan ƙwallo a ciki. Shekaranjiya wata tifa ta taka murfin kwatar maƙwabcinmu ta rufta, ta fasa bututun famfo, ruwa yana ta kwarara. Matasa suka kawo tayoyi da kututture suka tare bakin layin, masu mota suka fito ana ta cacar baki, sai da liman ya sa baki. In za a karkatar da motoci, ai kamata ya yi a zaɓi layin da zai ɗauka, a baje shi a daɓe, a sa allo da kibiya, a ajiye mai ba da hannu. Ba a bar kowa ya nemi hanyarsa ba.

Ɗan_Sahu_Hotoro:
@Kabiru_Cikin_Lungu Yaya ku yi mana afuwa, fasinja ne ke cewa a yanke. Amma tudun rage gudun da kuke yi da ƙasa ya yi yawa, wani sai ƙasan mashin ya daki ƙasa, mace mai ciki tana baya.

Kabiru_Cikin_Lungu:
Ku rage gudu sai mu rage tudu.

Jikan_Malam:
Duk wannan surutu ne. Wane gwamna ne ya fara gadar sama a Kano? A faɗi gaskiya mana.

Sarkin_Yaƙi_02:
An fara. To wa ya yi ta Dangi da ta Hotoro?

Admin_Zaure:
Jikan Malam da Sarkin Yaƙi, a tsaya nan. Mai tambaya ya roƙa tun farko. Gadar Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro, ta Ɗan Agundi, ta Tal'udu, duk da kuɗin jama'a aka yi ko ake yi, kuma duk mun sha cunkosonsu tare. Wanda ya ƙara zan goge.

Dattijo_Kurna:
Allah ya yi maka albarka Admin. Ni abin da na gani a tsawon raina shi ne, wahalar aiki ba ta kashe mutum in aikin yana tafiya. Tsayawarsa ce masifa. Hanyar Kano zuwa Maiduguri tun 2006 zamanin Obasanjo aka ba da aikin mayar da ita tagwaye, yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure ana maganarta. In aka yaye tsohuwar kwalta aka bar jar ƙasa sannan kuɗi ya yanke, gara ma ba a taɓa ba. Baban Walida, ku yi addu'a su ɗora shimfiɗa ta biyun kafin damina, ko da za ta ƙara muku tudu.

Injiniya_AB:
Baba ya yi gaskiya. Shimfiɗar farko ba a yi ta don ta jure ruwa da taya kai tsaye ba, tana da ƙofofi. In ta sha marka ɗaya a buɗe, za ku ga ta fara ɓarewa. Dalilin tsayawar aiki kuma sau da yawa ba ƙeta ba ce. Kwaltar da muke amfani da ita yawanci daga waje ake shigo da ita, alhali ga ta jibge a ƙasa a jihar Ondo. Dala ta motsa, dizal ya motsa, kuɗin da aka yi kwangila a kai ya daina isa, sai a zauna jiran a sake lissafi.

Sadauki_Gwale:
Ba don haka Ministan Ayyuka Umahi ya dage a koma titin kankare ba? Siminti namu ne, kuma an ce ya fi daɗewa.

Injiniya_AB:
Ya fi daɗewa in an yi shi daidai, ya kuma fi jure manyan motoci. Amma ya fi tsada a farko, yana buƙatar makonni kafin a buɗe shi, ba kamar kwalta da ake hawa da zarar ta huce ba. Kuma ga mai matsala irin ta Baban Walida ba sauƙi ba ne, don kaurinsa ya kai santimita 20. In aka ɗora shi a kan tsohon titi ba a haƙa ba, sai dai ya sa tsani.

Malam_Tsafta:
Zan faɗi abin da ba a so. Ko an yi muku lambatu mai zurfin mutum, wata shida ya cike da ledar fiya-wata da robar lemo da tokar murhu. Na ga inda aka yi sabuwar magudana, masu shaguna suka rufe samanta da kankare suka kafa teburi, babu ko ƙofar yashewa. Ruwa ya zo bai sami hanya ba, ya hau titi ya shiga shagunan nasu. Wani kuma titi bai yi wata uku ba zai kawo diga da daddare ya yanka shi don ya ja famfo gidansa, ya mayar da ƙasa ya tafi. Daga wannan yankan rami ke farawa. Mu ma mu duba kanmu.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne, amma ina za mu kai sharar? In an ajiye mana wurin zubawa ana kwashewa a kan lokaci, wa zai zuba a kwata?

Malam_Tsafta:
Akwai masu zubawa ko kwandon yana gabansu, Hajiya. Kin san su, na san su.

Usman_Mai_Daf:
Tun ɗazu nake jira a ce mu masu manyan motoci ne ke kashe titi, ba a faɗa ba, to bari in faɗa da kaina. E, ana yi mana lodin da ya wuce ƙima. Amma direba ba shi ke yanke yawan buhu ba. Mai kaya a Dawanau yana son abin da mota biyu za ta ɗauka ya tafi a ɗaya saboda kuɗin dizal. Ka ƙi, akwai goma a bayanka. Da jirgin ƙasa yana ɗaukar hatsi da siminti kamar da, da rabinmu ba ma kan titin nan.

Injiniya_AB:
Malam Usman ka kyauta da ka faɗa. A lissafinmu, in aka ninka nauyin da ke kan gatari ɗaya na mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi, ɓarnar da yake yi wa titi ba ninki biyu ba ce, wajen ninki 16 ce. Shi ya sa za ka ga hannun da manyan motoci ke bi ya yi kwari biyu daidai sawun taya, ɗaya hannun kuma lafiya lau. Ƙananan motoci da 'yan sahu kusan ba sa cikin lissafi.

Ɗan_Sahu_Hotoro:
Alhamdu lillahi, yau dai an wanke mu a wani abu.

Sani_Mai_Katako:
Baban Walida, bari in ba ka abin da ya yi mana aiki, don mun shiga irin wannan a layinmu. Ba ofis muka fara zuwa ba. Mun sami mai unguwa da dattawa uku, muka je wurin injiniyan gwamnati da ke sa ido a kan aikin, ba na kamfani ba. Da sassafe ake samunsa kafin rana ta yi. Ba mu yi hayaniya ba, muka ce ya zo ya gani da idonsa. Wani yaro ya kawo bokitin ruwa ya zuba a gefen kwalta, muna tsaye ruwan ya gangara ya shige soron wani tsoho. Injiniyan bai ce komai ba, ya ɗauki hoto. Ba su yi mana sabon lambatu ba, amma sun yashe tsohon, sun ɗaga bakinsa da bulo biyu, sun zuba mana kankaren shiga a ƙofofi. Ya rage ƙwarai. Takardar Barista ma ku yi ta, amma ku haɗa da wannan. In duk ba a ji ba, ga gidajen rediyo, shirin Inda Ranka kaɗai ya isa a san da ku.

Barista_Na_Fagge:
Na goyi bayan wannan. Sai dai duk alkawarin da aka yi muku a tsaye, ku nemi a rubuta. Ana canja ma'aikaci, wanda ya zo ya ce bai san zancen ba.

Baban_Walida:
Na gode ƙwarai jama'a. Mun je da mai unguwa yau da safe kamar yadda Malam Sani ya ce. Wanda muka samu ya saurare mu da mutunci. Ya ce akwai magudana a cikin aikin, amma ba duka tsawon titin ba, sai wuraren da aka yi wa alama, kuma zai duba ko gabanmu yana ciki. Maganar cire tsohuwar kwalta da injin kankara kuwa ya ce ta wuce, tunda an riga an zuba ta farko. Yanzu unguwa ta rabu. Wasu sun ce kowa ya sayi bulo ya ɗaga dokin ƙofarsa tun yanzu, wasu sun ce in muka yi haka an ga mun magance wa kanmu, ba za a waiwaye mu ba.

Dattijo_Kurna:
Ku ɗaga. Ruwan Agusta ba ya jiran takarda.

Malam_Tsafta:
In kowa ya ɗaga ƙofarsa, ruwan gidan wa zai tafi? Gidan wanda ba shi da kuɗin bulo. Ku haɗa kuɗin ku yashe lambatun gaba ɗaya har inda yake zubarwa, ya fi.

Injiniya_AB:
Ɗaga ƙofa yana tare ruwan waje, amma ku tuna da na cikin gida. In tsakar gida ta fi lambatu ƙasa, ruwan wanka da na indararo ba zai fita ba, wani lokaci ma na waje ne zai biyo rariya ya dawo ciki. Ku sami mai awo ya duba muku tsayin rariyar kowane gida da gindin lambatun kafin ku sayi bulo ko ɗaya.

Hajiya_Mai_Abinci:
In za ku koma wurinsa don Allah ku yi masa maganar tulin ƙasar nan ta ƙofar shaguna. Ko gefe su tura ta mota ɗaya ta sami wurin tsayawa.

Abu_Safwan:
Ni har yanzu ina kan bakana, an fi mu gaskiya in aka ce mun cika ƙorafi. Wasu unguwannin roƙo suke a zo a yi musu ko da ƙurar ce.

Kabiru_Cikin_Lungu:
@Abu_Safwan turo mana sunan layinku mu nuna wa masu tifa hanya.

Usman_Mai_Daf:
Wanda ya biyo ta Mil Tara da yamman nan, yaya hanya? Ina da lodi a Dawanau bayan asuba.